Shayin Taki

Tun da ƙanƙara ta sauko a watan biyar
ta yi wa lambuna na bakin Dilimi aski,
na ce to, sama ta nuna halinta.
Na kwashe abin da ya saura na kai ɗaka,
ɗakin da Sabitu ya bari da ya tafi neman kuɗi:
bokiti goma sha ɗaya, ƙwan fitila biyu,
da taga guda mai kallon tudun Gangare.

Takin zamani ba sa'ana ba ne,
buhu guda ya haɗiye fanshona na asibiti.
Ngo Chundung ce ta koya mini a Farin Gada,
tana ƙirga kabeji, ba ta ko dube ni ba:
"Ladidi, yi musu shayi, amma ban da wuta."

Na samo kashin awaki wanda ya shekara,
ya yi baƙi, ya bar wari, ya koma ƙasa.
Na ƙulle shi a tsohuwar safar Sabitu
da ɓawon ayaba da ɗan tokar murhu,
na nitsar a ruwan sama na cikin randa,
na ɓantari mazarƙwaila na jefa,
don ƙananan halittun da ido ba ya gani,
su ma, in ji Ngo, da zaƙi suke karya kumallo.

Da asuba in juya da muciya,
da la'asar in juya,
bayan isha'i, sanyi na cizon yatsu, in juya,
har kumfa ta taso kamar ta sabon tatsa.
Kwana biyu, ba ƙari.
Hanci ne alƙali a wannan shari'a:
in ya yi ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan fari, ya nuna,
in ya yi warin kwata, a zubar, a sake.
Sai in tsarma, in bi su da moɗa ɗaya-ɗaya
kamar yadda nake bin gadaje da magani a dā.

Suka miƙe. Suka buɗe tafin hannu,
kowane ganye da yatsunsa biyar.

Iliya mai gyaran rediyo ya leƙo ta taga.
Ya ga fitila tsakar dare, ya ga yatsu biyar,
kafin azahar zancen ya kai teburin mai shayi:
wai tsohuwa ta koma noman wiwi.
Masu gaishe ni suka fara gaida bango.

Ran Laraba suka zo, su uku, da manyan takalma.
Babbansu ya tsinki ganye, ya sunsuna, ya ɗaure fuska,
ya buɗe randa, ya ja da baya: "Wannan fa?"
Na ce shayi ne, amma ba naka ba.
Ƙaramarsu, wata siririya mai tabo a haɓa,
ta karɓi ganyen, ta tauna,
tsami ya matse mata ido.
"Oga," ta ce, "rama ce."

Shiru ya zauna a kan bokiti.
Kama da wane ba ta wane.

Babban ya yi tari, ya gyara hula, ya fita.
Ita ta tsaya a bakin ƙofa tana raɗa:
"Mama, tumatir ɗin babata a Bukuru ya ƙi,
mazarƙwailar nan, kamar yaya ake sawa?"
Na nuna mata da kan babban yatsa.

Da daddare na dafa rama, na daka ƙuli,
na yi kwaɗo da albasa da ɗan mai,
na aika wa Iliya a kwanon sha mai murfi.
Yau kwana tara, kwanon bai dawo ba.
Ban aika ba.
Akwai sabon jiƙo a randa,
kuma lokacin juyawa ya yi.